Ramatu da Kwikwiyo a Ƙofar Mahauci

Yayata Ramatu ba ta son kare, har gobe ma ba ta so. Shi ya sa ranar da na sauka daga Manchester na tarar da kwikwiyo kwance a kicin ɗinta a unguwar Lozells, na saki salati.

"Rufe bakinki," ta ce. "Sunansa Toby, kuma aiki yake."

Ashe rajista ta yi da ƙungiyar da ke horar da karnukan jagoran makafi. Ita za ta raine shi, ta saba masa da bas da kantuna da hayaniya, sannan su karɓe shi su ba wani.

Dalili kuwa yana falo a zaune. Mijinta, Malam Jumare, akanta ne, ciwon suga ya tafi da idanunsa. Da kansul, wato ƙaramar hukumar garin, ta shiga tsuke bakin aljihu, sai aka janye ma'aikaciyar da ke fita da shi. Daga nan ya daina leƙa waje, mutumin da a da ba ya iya wuni a gida. An yi masa tayin karen jagora, ya ce Allah ya kiyaye a kore shi daga kanti a gaban jama'a. Wallahi abin ya ci mini rai.

Yaya ta ce to, bari ita a fara korar ta.

An kuwa kore ta! Mai kayan miya ya kora, direban bas ya yi tsaki, matan unguwa suka rage shigowa. Ta ware zanin sallarta daban, ta hana Toby hawa sama, ta ci gaba da fita. A hankali wasu suka gaji suka bar ta.

Ashafa mahauci ne ya kafe, ɗan garinmu kuma. "Hajiya, karen makaho doka ta ce in bari," in ji shi. "Wannan ɗan koyo ne, ke kuma idonki garau."

Gaskiyarsa ce, ita ma ta sani. Sai ta koma tsayawa a bakin ƙofa kowace Asabar, ko ana ruwa, tana ɗaga murya: "Ashafa! Ƙashin miya da hanta!" Toby na zaune a gefenta, ga ƙanshin nama, ko motsi. Masu saye suna ta kallo, shi kuwa gogan yana miƙo leda fuska a murtuke.

Wata Asabar ina nan ta dawo jiƙe sharkaf. Malam ya shafa mayafinta, ya ji shi a jiƙe.

"A waje kike tsayawa?"

"A waje, Malam."

"Miƙo mini takalmina."

Muka fita, hannunsa a kafaɗarta, Toby a gaba. Ashafa na hango shi ya ajiye wuƙa.

"Malam! Ai na zaci kun koma gida Najeriya."

"Ina nan, bayan kantinka. Nawa karen na nan tafe, zan ce a sa sunana cikin masu jira. In wannan bai koya a nan ba, a ina zai koya?"

Ashafa ya goge hannu, ya zagayo ya ja ƙofar da kansa. Yaya ba ta ce masa na gode ba. Ta shiga, ta ce wa Toby ya zauna, ta ce a auno mata hanta.