Wankan da Halliru Ya Yi wa Agogo

Shekara talatin Halliru Mai Agogo ya yi a rumfarsa ta kasuwar Illela, har wayar hannu ta zo ta kwashe masa mutane. Sai kuma yanar ido ta fara rufe masa na dama, bayan ta gama da na hagu. Likita a Sakkwato ya ce aiki za a yi, kuma da kuɗi.

Kadararsa ɗaya ce, agogon da wani Bature mai haƙar rijiyoyi ya bar wa mahaifinsa. Na masu nutso a teku ne, ruwa ba ya shigarsa. Shi kuwa Halliru ko a tafkin Kalmalo bai taɓa wuce gwiwa ba.

Ɗan ƙanwarsa Bashar, mai fatauci zuwa Ƙonni, ya ɗauki hoton agogon ya aika wa wani dillali a Yamai. Kwana biyu ya dawo yana haki.

"Kawu, idonka ya samu. Turawa na rububin irin wanga. Dillali na tahe ranar kasuwa."

Halliru ya dubi agogon, kunya ta kama shi. Fuskar ta koɗe daga baƙi ta koma ruwan ƙasa, lambobin sun yi ɗorawa-ɗorawa, jikin duk ƙarzuwa. Ko akuya za a kai kasuwa ai ana share mata jiki. Ya kankare fuskar tas, ya shafa sabon baƙin fenti, ya zana lambobi farare da ɗan ganin da ya rage masa, ya goge ƙarfen har yana ɗaukar ido. Matarsa Lubabatu ta ce, "Malam, ni ko ranar aurenmu ba ka yi min hidima haka ba."

Ranar kasuwa dillalin ya zo, ya juya agogon, ya dubi hoton da ke wayarsa, ya sake juyawa.

"Baba, mi anka yi mai?"

"Gyara. Hannuna ne."

"Ai tsufan munka zo saye. Koɗewag ga ita suka biɗa."

Ya ajiye shi a hankali, ya yaba kyan aikin, ya hau mashin ya nufi iyaka.

Bara idon daman ya rufe. Halliru yana zuwa rumfa har yanzu, agogon a hannunsa, agogon da bai taɓa yin latti ba. In an tambaye shi lokaci sai ya miƙa hannun.

"Duba da kanka. An ce aikin ya yi kyau."