Kalmar da Bitrus Ya Hana Mu Faɗa

Shekara tara ke nan da muka kai Bitrus makwancinsa a Unguwar Boro, amma har yau in zan ce "zamanin masaƙa" sai na waiga tukuna, kamar mai shirin satar nama a tukunya.

Tare muka yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, shi a ɓangaren saƙa, ni a rini. Na sha gaya wa 'ya'yana cewa in aka tashi aiki a lokacin, kekunan ma'aikata kan hana akuya tsallaka titi har ta haihu a gefen hanya. Suna cewa na cika ƙari. To, ƙila ba ta haihu ba, amma ta jira.

Da injuna suka yi shiru, aka ce mana gyara za a yi, mu riƙa leƙowa. Bitrus ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Kowace Litinin sai ya goge kakinsa, mu haɗu a bakin get mu duba allon sanarwa. Mun fara muna cika titi. Muka koma mu bakwai, a bencin mai shayi.

Wata Litinin na ce ai a zamanin masaƙa ba ma shan shayi babu madara. Bitrus ya ajiye kofinsa. Ya ce zamani suna ne da ake raɗa wa abin da aka riga aka binne. Turawa sun tafi, shi ya sa suka samu zamani. Soja ma sai da suka koma bariki aka raɗa musu nasu. "Mu hutu muke yi, Malam Sani. Kada ka yi mana zamani muna da rai."

Na ce to hutun nan ya kusa aurar da jikokinmu. Kowa ya yi dariya, ban da shi.

Litinin ta farko bayan jana'izarsa ban je ba. Ta biyu ma haka. Yau ciyawar harabar ta isa ɓoye giwa, kwandastoci kuwa "tsohuwar masaƙa" suke kira in suna neman fasinja. Na tabbata da zai ji, sauka zai yi ya taka da ƙafa. Ni ina zaune a ciki, ina biyan kuɗin mota.

Makon jiya na je gaida matarsa, Maman Rahila. Ta ɗauko wani ɗan makulli mai tsatsa, na loka, akwatin ƙarfen da Bitrus ya bar takalman aikinsa a ciki can a masaƙa. Ta ce ya bar wasiyya cewa ni zan faɗi ranar da za a jefar da shi.

Ban san abin da ya rage na Bitrus ba in ban da taurin kan nan, wanda ya bar mini ban roƙa ba. Ni da bakina ba ya mutuwa, na daɗe ina juya makullin a tafin hannu. Sannan na miƙa mata, na ce ta adana tukuna, har yanzu ba a ba mu takardar sallama ba.