Gahawar da Abu Haisam Bai Sha Ba

Duk unguwarsu a garin Zarƙa babu wanda bai san sa hannun Abu Haisam ba. Ma'aikacin gidan waya ne, albashinsa na gwamnati, irin mutumin da masu gidajen haya suke so ya tsaya wa ɗan haya. Shi kuwa Allah bai koya wa bakinsa a'a ba. Direba, tela, sabon ango, kowa ya zo yana sosa ƙeya sai ya zaro biro. Matarsa Ummu Haisam ta yi faɗan har ta gaji.

"Kai wata rana akuya za ta zo ka tsaya mata," in ji ta.

"In ta zo da katin shaida, me zai hana?"

Akuya ba ta zo ba. Wani mai gyaran firji ne ya zo, Abu Haisam ya tsaya masa aka ba shi gida, ya ci hayar mutane ya tsallake ƙasar. Kotu ta juyo kan Abu Haisam, sunansa ya ɓaci a banki, ga shi lokacin ya yi ritaya, aka shiga yankar fanshonsa. Ana cikin haka aka sayar da gidan da suke haya, aka ce su tashi kafin ƙarshen wata, ga Ummu Haisam ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene.

Dillali ya samo ɗaki biyu a ƙasa, amma da sharaɗi. "Kawu, ni na san ka. Mai gidan kuwa sunanka ya duba, bai ji daɗin abin da ya gani ba. Kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya maka, akwai masu jira."

Abu Haisam ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki, ya nufi gidan Mazin, wanda ya tsaya wa tun yana ango ko katifa ba shi da ita. Yanzu Mazin yana da kujera a wani ofishin gwamnati, har da tumbi. Ya tarbe shi da murna, ya zuba masa gahawa da hannunsa. Abu Haisam ya karɓi ɗan kofin ya ajiye a gabansa, bai kai baki ba. A garin nan kowa ya san wannan: baƙo ya zo da buƙata, ba zai sha ba sai mai gida ya ce, "Sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu."

Ya faɗi abin da ya kawo shi, kunya kamar ta kashe shi. Mazin ya kalli kofin, ya kalli silin, ya ɗauko zancen tsadar tumatir. Tururin kofin ya ɗauke. Can ya sassauta murya.

"Kawu, kai ubana ne wallahi. Amma kai kanka ka ga abin da tsaya wa mutum ya jawo maka. Ina da yara."

Abin haushin, gaskiya ɗan banzan ya faɗa. Abu Haisam ya miƙe, ya yi wa yaran addu'a, ya bar kofin a cike.

A gida ya tarar da Ummu Haisam zaune a tsakiyar kwalaye, ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

"Ka sha?"

"Ta huce."

Ya tsaya yana jiran gori, ba ta yi ba, wannan ya fi ci masa rai. Igiya ta miƙo masa, suka ci gaba da ɗaure kayan da ba su san inda za su kai ba.