Fil a Bakin Surukata

Ranar da anka ɓare filastan, a ɗakin likita akwai ni, da ɗana, da matarsa, da likitar fata, wata doguwa mai tabarau. Daga Bodinga munka taso da sassafe zuwa Sakkwato.

Surukata tela ce. Leɓɓanta sun daɗe suna kumbura, su tsattsage, su yi ɓawo. Matan da ke kawo mata ɗinki daga Shagari sunka fara janyewa, wai ciwon ɗauka ne. Wata ma ta aiko a mayar mata da atamfarta ba a yanka ba. Ga Sallah ta matso, da ɗinkin nan take rufa wa kanta asiri.

Mun shafa man shanu, mun shafa man kaɗe. Na hana ta jan baki, na hana ta yaji. Babu sauyi.

A zuwanmu na farko, likitar ce ta manna mata filasta jere-jere a baya, kowane da ɗigon abin da ake zargi, ta ce kada ruwa ko zufa su taɓa har mu komo. Ni na tsare wannan. In ta ɗauki bokiti sai in ce, "Ke, fuska da ƙafa kawai. Ina nan ƙofa."

"Inna, zafi ake yi, wari nike!"

"Ki yi. Ba ni za ki kashe ba."

Da anka ɓare, ko'ina lafiya lau sai wuri guda, ya yi ja, ya yi ƙuraje ƙanana. Likita ta ce wani ƙarfe ne jikinta ba ya so, irin wanda ke cikin 'yan kunne masu araha da makullai, kuma ba a ɗaukarsa daga mutum. Ta tambaya wane ƙarfe ke taɓa bakinta.

Ɗana ya ce cokali. Ita ta ce ba ta sani ba.

Na ce, "Ba ki sani ba? Wa ka jera fil a baki kamar haƙora in tana gwajin riga? Har magana kike yi da su!"

Ta sunkuyar da kai. "Inna, kowane tela haka shike yi."

"Kowane tela bakinai ya kumbura?"

Likita ta yi dariya, ta ce yana iya zama shi ne, a raba ta da su a gani. Ta rubuta man shafawa.

Washegari, bayan na idar da sallar asuba, na sami ƙyalle na cusa auduga, na ɗinke shi kamar ƙaramin matashi, na ɗaure mata a wuyan hannu, na soke fil ɗin duka a jiki. Sannan na jawo tabarmata gaban keken ɗinkin na zauna. Na aika a gaya wa mai atamfar nan ta Shagari ta maido kayanta, ta zo ta ji daga bakina.