Laifin Gado

Ni wada ce. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don in kun gan ni a Kasuwar Muda Lawal ina cinikin tumatir kada ku tsaya waige-waigen neman uwata. Kaina na manya ne, bakina ma haka, hannuwa da ƙafafu ne kawai suka ƙi bin sahu.

Mahaifina kafinta ne, shagonsa na jikin gidanmu a cikin gari. Inna kuwa 'yar ƙauyen Zungur ce, kuma dangin Baba ba su taɓa yafe mata wannan ba. Da na shekara uku tsawona bai motsa ba, sai babbar yayarsa, Gwaggo, ta fara sintiri da magana. Wai a zuriyarsu ba a taɓa haifar irina ba, jinin ƙauye ne, gara ya sallami matar tun kafin ta cika masa gida da gajeru. Inna ce ta ba ni wannan labarin bayan na girma, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Aka kai ni asibiti, har da Gwaggo, don ta ji hukunci da kunnenta. Likitan mutumin kudu ne mai kirki, Hausarsa irin ta kasuwa. Ya auna ni, ya ɗaga hoton ƙashina ya duba, ya ce, "Baba, wannan abu daga gado ne. Ƙashi nashi ba zai yi dogo ba."

Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san gadon kwanciya daban, gadon kaka da kakanni daban. Ɗaya ana faɗinsa a taƙaice, ɗaya sai an ja shi. A bakin likitan kuwa duk ɗaya ne. Kafin Gwaggo ta buɗe baki, Baba ya dafe kai ya yi salati. "Gado! Ai ni na yi mata shi da hannuna. Na gajarta shi, yarinya ba ta samun miƙe ƙafa. Wayyo ni!" Likita ya so ya ƙara bayani, Baba ya rufe shi da godiya, ya saɓe ni muka fito.

Ran nan ya farfasa ɗan gadona a tsakar gida, ya ba Inna itacen ta yi tuwo da shi. Labari ya zaga unguwa. Aka riƙa yi masa dariya, ana cewa ga kafintan da ya kasa auna 'yarsa, har wasu iyayen amare suka daina kawo masa aikin gado. Gwaggo ta yi gum, tunda laifin ya koma kan ɗan ɗakinsu. Inna ta zauna, ta haifi ƙannena huɗu, dukansu sun wuce ni tun suna firamare, marasa kunya.

Daga nan Baba ya shiga yi mini kayan zama. Na tsani kujerun mutane, ƙafafuna su yi ta reto har su mutu. Sai ya ƙera wata mai ƙafa biyu-biyu, ɗaya cikin ɗaya, da huji a jere, ana soka turken katako a inda ake so ta tsaya. Ya sa mata matakin ɗora ƙafa da ke ninkewa. Da ita na yi firamare da sakandare, da ita na shiga jami'a a Yelwa, ana ɗaura ta a bayan keke kamar tunkiyar layya.

A can wani malaminmu mai koyar da ilimin halittu ya gan ta, ya zagaya ta sau uku. Shi ya fara yi mini bayanin da na gane: ƙwayar halitta ɗaya ce ke taka wa ƙashi birki, kuma sau da yawa a jikin jaririn take sauyawa, ba daga uwa ko uba ba. Ya ce a ƙasashen waje masu binciken irin ƙashina har rajistar abin da suka ƙirƙiro suke yi, a ba su takardar mallaka. Ya ce kujerar Baba ma ta cancanci irin wannan takarda, ya samo mana fom.

Na kai wa Baba a shago da hantsi, yana goge wani katako. Da ya ji zancen rajista ya yi dariya, ya ce to in cike, ko don malamin ya ji daɗi. Na rubuta tsawo da faɗi, na zana hujin da turken. Malamin ya ce a haɗa da ɗan tarihin yadda abin ya samo asali, nan ne tsiyata ta motsa.

"Baba, zan rubuta cewa asalinta wani kafinta ne da bai san bambancin gado da gado ba."

Bai ɗago ba. Ya hure garin katako, ya shafa wurin da tafin hannu.

"Ke kin ɗauka ban ji likitan ba? Na ji shi sarai."

Na ajiye biro. Kunya ta kama ni, don ni ma cikin masu dariyar nake tun ina ƙarama, kuma ban taɓa son mutum ba kamar yadda na so shi a wannan hantsin.

"To me ya sa, Baba?"

"Gwaggonki na tsaye a bakin ƙofa. Dole wani ya ɗauki laifin nan zuwa gida, uwarki kuwa in ta ɗauka ba za ta kwana a gidan ba." Ya miƙa hannu ya ɗauki wani katakon. "Ni dai dariya kawai za a yi mini, kuma ban taɓa jin ta kashe kowa ba."