Taɓa-Ƙarfe, Wanda Ya Mayar wa Yayana Baki

Kullum da safe, kafin ya buɗe cikin kowace kwamfuta, sai ya miƙa hannu ya taɓa ƙarfen taga. Shi ya sa duk layinmu ake ce masa Taɓa-Ƙarfe. Mai shayin da ke gefen shagonsa ya rantse camfi ne. Shi kuwa cewa yake, "Wutar jikina nake saukewa, kada in ƙone wa mutane kaya." Daga nan ya jawo kiret ɗin ƙwai da yake zuba kusoshi, kowane rami da nasa, ya hure ƙura, ya kunna, ya kasa kunne.

Wannan makon zai rufe shagon. Yanar ido ta ci ƙarfinsa, likita ya sa ranar aiki, kuma bai yi alkawarin komai ba. Wallahi tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Ku tambayi malamar makarantar da ta zo da niyyar jefar da kwamfutarta ta sayi sabuwa. Ya ƙara mata ƙwaƙwalwa, ya ce, "Ba tsufa ba ne, yunwa ce ke damunta." Har yau da ita take aiki. Irin wannan labari ba ya ƙirguwa, amma ni nawa zan faɗa.

Yayana ya samu shanyewar jiki. Baki ya tafi, yatsun hannu guda kawai ke motsi. Taɓa-Ƙarfe ne ya tsinto sassan matattun kwamfutoci ya haɗa masa guda, ya yi masa ƙaton maɓalli daga ƙararrawar ƙofa. Haruffa suna wucewa a kan allo, in an zo kan wanda yake so sai ya danna. Da haka Yaya yake neman ruwa, yake yi wa 'ya'yansa faɗa, yake tsokanata wai girkina ba gishiri.

Ranar nan aka kunna kwamfutar, ta ƙi tashi. Kamar jira ake, washegari Yaya ya fara nishi, gumi na keto masa, ya ƙi abinci. Matarsa ta durƙusa gabansa tana tambaya, "Ciki ne? Kai ne? Baya?" Ido kawai yake zuba wa baƙin allon nan, hawaye na zuba. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba, ta ce, "Da zai nuna mini wurin, da aikin ya zo da sauƙi." Mijina ya aro sabuwar kwamfuta, ashe ba ta ma da ramin da maɓallin zai shiga.

Na sungumi tsohuwar na nufi shagon, na tarar yana ɗaure kaya a kwalaye.

"Baba, ta mutu," na ce.

"Ke dai da saurin jana'iza. Ajiye ta nan."

Ya taɓa ƙarfen taga, ya buɗe, ya kai hancinsa ya shinshina. Sai na ga fuskarsa ta canja. Farantin da komai ke manne a jikinsa ne ya ƙone, kuma irinsa ya daɗe da ɓacewa a kasuwa. Ya juya wajen tasa kwamfutar da ke kan teburi, wadda ya haɗa lokaci ɗaya da ta Yaya, ya fara kwance ta don ya ciro farantinta.

Mai shayi ya leƙo. "Haba Malam! Ba ita ka ce za ta riƙa ɗebe maka kewa da karatu in an naɗe maka ido ba?"

"Ni ai bakina na nan. In na ji kewa sai in kira ka ka dame ni da surutu."

Da laluben yatsa ya yi aikin. Kusa ta suɓuce masa, na tsinto. Ya sa wata waya a inda ba wurinta ba, ya tsaya, ya shafa, ya cire. Ni dai ina tsaye ina karanto duk addu'ar da na iya. Ya danna, fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, mun yi asarar biyu. Bai kula ni ba. Ya zare ƙwaƙwalwar, ya goge bakinta da abin goge fensir, ya mayar har ta ce ƙas. Sai ga ɗan kukan nan, ƙit, haske ya kawo.

Da kansa ya biyo ni gida, hannunsa a kafaɗar mijina saboda matakala. Aka sa maɓallin ƙarƙashin yatsun Yaya. Haruffa suka fara wucewa. Can ya haɗa: KUNNE. DAMA. Ashe ciwo ne ya taru a can ciki, mu muna ta laluben ciki da baya! Matarsa ta fita da gudu neman mota.

Yaya bai saki maɓallin ba, ya ci gaba da dannawa. Taɓa-Ƙarfe ya matso har hancinsa na neman taɓa allon, sannan ya juyo gare ni.

"'Yata, me ya ce?"

Da ƙyar na iya karanta masa: BABA, IDONKA FA?

Baba, kai ne ka ba da abokiyar zamanka don wani ya faɗi inda ke masa ciwo, alhali ko rubutun da ya fito ba ka iya gani. Mun gode, Baba, ni da gidanmu duka. Masu sana'a, ku duba wannan bawan Allah ku ɗauki hali, ku riƙa tuna cewa akwai mutum a bayan kayan da aka kawo muku.

Kunnen Yaya ya warke. Jibi za a shiga da Baba ɗakin aiki, kuma ni zan raka shi. Yaya ya riga ya rubuta masa gaisuwa, ya hana kowa karanta masa. Ya ce a bar ta a kan allo, sai Baba ya dawo ya karanta da idonsa.