Bencin Maza a Asibitin Djougou

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin likita, kuma tunda kuna shirin tafiya koyon maganin rashin haihuwa, gara ku ji labarinta daga bakina. Ita ce ranar da shugaban asibitinmu na Parakou ya kira mu, ni da Likita Zakari, ofishinsa, ya ce mu rufe ƙofa.

Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da ko babban likita sai ka ce masa kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Ni da Zakari ƙananan likitoci ne a matarnite, wato ɓangaren haihuwa. Ni ɗan unguwar Titirou ne a Parakou, shi ɗan Djougou, daga gidan fataken goro da suka san gidanmu tun kafin a haife mu. Na riga shi kama aiki. Ni na tsaya a kansa ranar da ya fara yin fiɗa ya fito da jariri, ina ce masa ya bi a hankali.

A shekarar ma'aikatar lafiya ta ba arewa gurbin karatu guda ɗaya, abin da muke kira burs, don likita ya je Dakar ya ƙware a cututtukan mata, musamman rashin haihuwa. Tsarin shi ne a yi jarrabawa a Kwatano, sannan shugaban asibiti ya faɗi wanda ya fi dacewa a ganinsa. Mu biyu duk mun ci jarrabawar. Ban yi shakkar cewa ni za a tura ba, domin ni na buɗe zaman ranar Alhamis, inda matan da ba su samu haihuwa ba suke zuwa in duba su. Akwai kuma dalilin da kowa ya sani amma ba mai faɗa a gabana: ni da matata Rabi mun daɗe da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

A ofishin nan, shugaban ya dube ni ya ce, "Kamarad Ilyasu, mata suna sakin jiki da kai, wannan gaskiya ne. Amma wannan fanni na hannu ne. Ɗinkin bututun mahaifa sai mai hannu irin na Zakari. Shi zan tura."

Na ce, "Ni na koya masa riƙe wuƙa, kamarad."

Ya ce, "Na sani. Ya kuwa wuce ka. Ni ma ya wuce ni."

Zakari ya sunkuyar da kai. Da muka fito ya kama hannuna ya ce, "Yaya, wallahi ban nema ta bayan fage ba." Na ce masa Allah ya sa alheri. Na san gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da ta hanyar wani babba ya samu, da na sami abin da zan riƙe in yi ƙorafi. Ni aka sa na yi jawabin sallamarsa, ni kuma na raka shi tashar jirgin ƙasa na ɗaukar masa akwati.

Na ci gaba da aikina. Duk wanda ya dawo daga Dakar sai ya kawo mini labarinsa: malamansa suna yabonsa, ya fara ɗinka bututun da ya toshe, an ba shi ɗalibai. Ina cewa madalla, abinci kuwa ya ƙi shiga a ranar.

Dokar karatun ta ce kafin likita ya gama, sai ya koma ƙasarsa ya yi sitaj, wato aikin gwaji, na wasu watanni, ya duba marasa lafiya, ya tara abin da zai rubuta a kundin kammalawa. Aka ajiye Zakari a asibitin Djougou. Ba a jima ba bencin Alhamis ɗina ya fara raguwa. Matan da na shekara ina dubawa sai in hango su da sassafe a tasha suna hawa kat-san-kat, motar haya ta Djougou. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a unguwar Ganou ta zo har ofishina ta ce, "Likita, ka yi haƙuri, ba raina ka na yi ba. An ce na Djougou yana da hoton da ke nuna inda hanya ta toshe." Na gaya mata ranar da yake zama. Da ta fita na zauna ina kallon bango har ungozoma ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

Sai abin ya shigo gidana. Wata rana bayan la'asar ina goge ɗan babur ɗina mobilet a tsakar gida, Rabi ta tsaya a kaina ta ce, "Likita, ina so in je Djougou."

Na ce, "Wurin wa?"

Ta ce, "Ka san wurin wa."

Na ce, "Duk garin nan ba likita sai shi? Har matata?"

Ta ce, "Duk maganin da ka ba ni na sha. Na Inna ma na sha, na malamai ma na sha. Ban taɓa ce maka na gaji ba. Wannan kaɗai nake roƙo." Inna ita ce mahaifiyata, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta game da jikoki.

Rabi ta ƙara da abin da ya tsayar mini da hannu. Ta ce matan da suka je sun ce Zakari ba ya duba mace sai mijinta ya zo, kuma mijin ake fara gwadawa. Wannan na san shi a littafi tun ina ɗalibi. Gwajin namiji ya fi sauƙi, ba allura, ba fiɗa, a duba maniyyinsa kawai a madubin ɗakin gwaji mai nuna ƙananan ƙwayoyi. Amma a lokacin ba likitan da ke da ƙarfin halin ce wa magidanci a Parakou ya kawo kansa. Kowa ya ɗauka matsalar ta mata ce, kuma mu likitoci mun bi mutane a kan haka. Shi Zakari ya dawo ya maida shi sharaɗi. Har wannan ma sai da na ji zafinsa, don me ba ni na fara ba.

Muka hau mota muka tafi. A farfajiyar asibitin an ajiye benci biyu, ɗaya na mata, ɗaya na maza. Na maza shiru kamar wurin zaman makoki, kowa yana kallon takalminsa. Wani manomi daga ƙauyen Partago, wanda na taɓa karɓar haihuwar ƙanwarsa a Parakou, ya gane ni, ya miƙe da sauri ya ce, "Sannu da zuwa, Likita. Taimaka wa ɗan'uwanka ka zo yi?"

Da na ce masa e, da ya yarda. Amma Rabi tana bencin mata tana kallona. Na ce, "A'a, layi na zo bi. Matsa mini."

Ya matsa. Can ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ashe har ku." Na ce har mu. Daga nan na ga mazan sun fara ɗaga kai, wani ma ya tambaye ni ko gwajin da zafi.

Da layi ya zo kaina, Zakari ya gan ni ya miƙe tsaye. Ya sallami ma'aikacin jinyar da ke tare da shi, ya rufe ƙofa, ya ce, "Yaya, da ka aiko ai ni zan zo gida." Na ce masa ya yi mini yadda yake yi wa kowa. Shi da kansa ya kai maniyyina ɗakin gwaji, bai bar kowa ya taɓa ba. Ya daɗe a kan madubin, sannan ya ja baya ya ce, "Zo ka gani da idonka." Na sa ido. Ƙwayoyin irin 'yan kaɗan ne, mafi yawansu ko motsi ba sa yi. Ba sai wani ya fassara mini ba.

Ya duba ni, ya sami jijiyoyin jini sun kumbura a marainan hagu, irin kumburin da ke ɗumama wurin ya raunana iri. Ya duba Rabi, ya yi mata hoton mahaifa, hanyoyinta a buɗe, ba abin da ke damunta. Ya ce, "Ana ɗaure jijiyoyin. Ba alkawari na yi maka ba, wasu suna dacewa, wasu ba sa dacewa. In ka fi so in tura ka Kwatano inda ba a san ka ba, zan tura ka."

Na yi tunanin duk likitocin fiɗa da na sani a ƙasar. Na nemi ko da guda ɗaya da zan ce ya fi shi, ban samu ba. Na ce, "Kai za ka yi."

Ya yi aikin ranar Lahadi, lokacin da ma'aikata ba su da yawa. Ku ji irin halin ɗan Adam: ranar da aka buɗe bandeji na duba ɗinkin, abin da ya fara zuwa raina ba godiya ba ne. Cewa na yi a zuciyata, ni ban iya ɗinki haka ba. A hanyar komawa gida Rabi ba ta ce mini komai game da magungunan da ta sha ba, ba ta taɓa cewa ba har ta rasu. Ni na je na gaya wa Inna inda matsalar take. Da ta ji, sai ta tashi ta dafa wa Rabi kaza.

Zakari ya koma Dakar ya gama. Ni kuma na sa benci na biyu a zaman Alhamis. Maza suka ƙi zuwa da farko, sai na riƙa ce musu ni ma na zauna a kan irinsa. Bayan kusan shekara biyu Rabi ta haifi 'yarmu Hadiza, ita kaɗai Allah ya ba mu. Ranar suna mata sai addu'a suke yi wa Likita Zakari, kamar ni baƙo ne a gidan. Ya iso a makare, ya karɓi jaririyar ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, kunnuwanka ta ɗauko, Yaya. Yanzu kowa ya shaida aikina a jijiya ya tsaya." Na yi dariya har da hawaye, kuma ban san rabona da yin dariya da shi ba kafin ranar.

Kada ku ɗauka kishin ya tafi. Har na yi ritaya, in aka kira sunansa a taro kafin nawa sai na ji abin a ƙirjina. Abin da aikin ya koya mini shi ne, kishi tsakanin likitoci ba ya kashe kowa sai ranar da ya hana ka tura mara lafiya wurin wanda ya fi ka. Matar da ke zaune a benci ba ruwanta da wanda ya samu burs, ɗa take nema, kuma shekarunta suna tafiya.

Ku kuma da aka zaɓa, ga nawa roƙon. Duk ranar da kuka dawo da takardarku, za ku tarar da wani da ya nemi gurbin nan bai samu ba, ya zauna yana karɓar haihuwa duk shekarun da ba ku nan. Ku fara shiga ofishinsa ku gaishe shi kafin ku nemi naku. Zai ce muku madalla, ku kuma kada ku tsaya duban fuskarsa.